Ƙoƙon Farko na Rebecca

Idan ka ga mace tana tafe kamar an ce mata gidanta ya kama wuta, muciya a hannu, tana ta faɗa da wani wanda ta riga ta baro can baya, to Rebecca ce. A Tungar Ƙirya, bakin ruwan Kainji kudu da Wara, ba a tambayar wace Rebecca. Ita ce mai jar giya.

A goye aka zo da ita tungar, shekarar da ruwa ya cinye tsohon garinsu. Uwarta ta bar gado da turmi a can, amma tukwanen giyarta sai da ta kwaso su a ka. A gindin tukwanen nan Rebecca ta yi rarrafe, a nan ta ƙone yatsa, a nan ta koyi zagi. Ta yi aure, ta haihu, ta binne biyu daga cikin 'ya'yan, daga baya ta binne mijin, wutar murhunta ba ta mutu ba. Sunan coci gare ta, kuma takan je ranar Kirsimeti ta zauna a bencin baya. Fasto ya yi wa'azi a kan mashaya yana kallon rufin kwano, ita kuwa ta zuba masa ido har ya sauka. Da aka zo da dokar hana giya, ta ja rumfarta bayan gari, gindin wata ɗorawa inda mota ba ta zuwa, masu sha suka bi ta da ƙafa.

Burkutu kowa na yi a yankin, amma nata daban ne. Jar dawa zalla take jiƙawa, ta baza ta a inuwa ta rufe da ganye har ta yi tsiro, ta shanya, a kai inji a niƙo. Ta dama, ta dafa, ta sauke, ta bar shi ya kwana ya yi tsami. To a nan sana'ar take. Da safe mai giya za ta tsoma ludayi ta kurɓa, harshenta ne zai gaya mata ko lokacin mayar da wuta ya yi. In ta yi gaggawa, giya ta fito da zaƙi ba ƙarfi, sai ka ce kunun yara. In ta yi jinkiri, ta fito da tsamin da zai kashe wa mutum haƙori. Bayan dahuwa ta biyu a tace, a zuba gindin tsohuwar giya, a bar ta ta tashi. Ta Rebecca idan ta tashi, ka ɗaga ƙoƙo a rana, ja ce mai duhu kamar zuma, kumfa na tsattsafowa daga ƙasa, ga ɗan ɗaci can bayan harshe da ƙaurin itacen da aka dafa ta da shi. Masunta sukan bar mata su ƙarasa cinikin kifi, su hauro tudu tun kafin ta gama share rumfa.

A al'adar wurin, ba a saye sai an ɗanɗana. Mai giya tana da ɗan ƙaramin ƙoƙo na kyauta, ta zuba maka, ka kurɓa, in ta yi maka ka zauna. Mainasara shi ya mayar da wannan ɗan ƙoƙo abincinsa. Ƙanin mijin Rebecca ne ta wajen dangi, don haka abokin wasanta ne, tana da damar yi masa wankin babban bargo kullum ba mai cewa don me. Ranar kasuwa yakan fara daga tukunyar farko, ya kurɓa, ya girgiza kai, ya wuce ta gaba. Kafin azahar ya zaga kowa, ƙafarsa ta fara gardama da hanya, hannunsa bai taɓa aljihu ba.

"Ga sarkin ɗanɗano nan tahe," in ji Rebecca da zarar ta hango shi. "Yau ma aljihun na ciwo?"

"Innar Ima, ke dai zubo. Mutum shina sayen abin da bai sani ba?"

"Tun ina amarya kake saninta, har yau ba ka ƙare sani ba?"

Abu ɗaya dai ba a ƙwace masa ba: fuskarsa ba ta iya ƙarya. In giya ta yi zaƙi, sai ya tsotsi leɓe. In ta yi tsami, jijiyar wuyansa ta miƙe. In kuwa ta yi daidai, sai ya runtse idon hagu ya yi shiru, abin da ba ya yi ko a wurin makoki.

Daminar da ta wuce waccan, zazzaɓi da mura suka kayar da Rebecca. Ta tashi, amma hancinta da harshenta ba su tashi ba. Ta fara ganewa ne ranar da ta buɗe ƙullin daddawa ba ta ji komai ba. Ta lashi gishiri, ta ji kamar yashi. Ta tauna barkono, bakinta ya yi zafi, hawaye ya zubo, ɗanɗano babu. Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ko ranar da aka shigo da gawar mijinta, kuma ta ji kunyar hakan. Ba inda ba ta buga ba. Ta je kemis a Wara, ta sha sassaƙen wani tsoho a tsallaken ruwa, ta tauna citta har leɓenta ya saɓule, har coci ta je ranar da ba Kirsimeti ba, fasto ya ɗauka wa'azinsa ne ya fara ci. Kullum da safe kafin ta wanke ido sai ta lashi gishiri, kullum yashi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Mai giyar da ba ta da harshe ta gama yawo, kuma Hansatu, maƙwabciyarta mai tukunya kusa da tata, ta daɗe tana jiran ranar da masunta za su yi kuskuren rumfa. Ko autanta Emmanuel, wanda ake kira Ima, ba ta gaya wa ba. Shi mawaƙin coci ne, ko kurɓa ba ya yi, kuma da ya sani sai ya ce Ubangiji ne ya amsa addu'arsa.

Sai ta koma aika wa Mainasara tun da sassafe, ranar da dahuwar farko ta kwana.

"Zo ka ɗanɗana, ko ka yi amfani sau guda kahin ka mutu."

Ya kurɓa, ita kuma ta yi kamar tana gyara itace, tana satar kallon fuskarsa. In ya tsotsi leɓe ta jira. In ya runtse ido ta hura wuta. Ranar kasuwa ma shi ke fara ɗanɗana wadda ta tashi. Giya ta ci gaba da fita ja, masunta suka ci gaba da haurowa. Wata safiya ya kurɓa, ya runtse idon hagu, ta zabura za ta tura itace, sai ya ce, "Dakata. Bai yi ba tukun."

Ta tsaya da itacen a hannu. Da gangan ya runtse idon, kuma ta faɗa tarkon.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Ban san mi kaka hwaɗi ba."

"Ni ma ban hwaɗi komi ba."

Kuma bai faɗa ɗin ba. Mutumin da in ya sha yakan tona har asirin kakarsa, ya riƙe wannan a ciki ko a buge. Gari ya ɗauki surutu, ana cewa me ke kai Mainasara gidan matar wansa tun kaji ba su sauko ba. Rebecca ta ji, ta ƙyale. Gara a ce da ita haka da a ce harshenta ya mutu.

Ana cikin haka maganar auren Emmanuel ta zo gangara. Yarinyar da yake so, Yasira, 'yar tsoho Tamada ce na tungar gaba, mutumin da ke bin addinin kakanninsa kuma ba ya karɓar kuɗi a bakin 'yarsa. Noma yake karɓa. Shekara da shekaru Emmanuel yana kwasar abokansa su je su yi wa tsohon gulmo, wato noman neman aure, tun daga sharar gona har girbi, har hannun da ya saba riƙe littafin waƙa ya yi kanta. Girbin bana shi ne na ƙarshe. A irin wannan rana uwar yaro ce ke kawo giya bakin gona. Ita ke shan ƙoƙon farko a gaban kowa, don a san ba mugun abu a ciki. Na biyu na uban yarinya ne. In ya shanye ya kife, ya ba da 'ya. In ya ajiye da saura, sai a sake ɗaura ɗamarar wata shekara. Tamada ya riga ya faɗa a kasuwa, kowa na ji, cewa shi ba don noman yaron ya haƙura ba, don jar giyar uwarsa ne.

Dawar da ta jiƙa don giyar gulmon na cikin yin tsiro Mainasara ya kwanta. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. 'Yarsa Murjanatu, wadda ta musulunta take aure a Yelwa, ta zo da mota ta kwashe shi zuwa asibiti. Labarin da ya dawo shi ne hanta ce, kuma likita ya ce in ya ƙara kai giya bakinsa kada a wahalar da mota a dawo da shi.

Rebecca ta ce Allah ya ba shi lafiya, sannan ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga ta fito, ta rasa abin da ta je ɗauka. Giyar gulmo ba ta kasuwa ba ce, mutane ne cike da gona, dole ta aro gangar ƙarfe babba wadda ba ta saba da ita ba. Ga zafin ƙarshen damina, iska ta tsaya cak. Ta yi dahuwar farko, ta sauke. Da gari ya waye ta hau zagaya gangar. Ta duba kumfa, ta tsoma yatsa ta murza, ta kurɓa ta tofar, ta sake kurɓa ta riƙe a baki har ya huce ko harshen zai tuna wani abu. Ta tsaya tana kallon ƙudaje ko za su gaya mata. Ta nufi ƙofar Hansatu, ta kai har bakin zana, ta ji muryarta tana dariya da wata, ta juyo. Ta sake komawa, ta sake juyowa. Ta ce a ranta ganga babba ce, ba za ta yi tsami da wuri kamar tukunya ba, bari a ƙara mata lokaci. Sai da rana ta take tsaka ta hura wuta.

Ranar gulmo da hantsi giya ta tashi. A ido ba ta da laifi, ja ce, kumfa na wasa. Rebecca na tsaye a kanta tana ɗaurewa da kwance ɗankwali sai ga kabukabu ya tsaya a ƙofar gida. Mainasara ne ya sauko, cikin wata sabuwar riga da ta yi masa yawa. Ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma. Gudowa ya yi daga gidan Murjanatu, ko gidansa bai biya ba.

"Na san yau ta," ya ce. "Zubo."

Daɗi ya kama ta. Akwai sauran gyara. In ta yi tsami, ana iya sirka ta da mai zaƙi kafin a ɗauka, Hansatu na da sabuwa a tukunya, sai a aika shi ya sayo kamar don kansa. Ta ɗauko ɗan ƙoƙon, ta cika, ta juyo.

Sai ta ga hannunsa. Rawa yake yi tun kafin ya kai ga ƙoƙon. Ba ita yake kallo ba, ba kuma gangar ba, ƙoƙon kawai, kuma ba kallon mai taimako ba ne.

"Tun da anka kai ni ban kurɓa ba," ya ce. "Kurɓi guda. In tohe."

Rebecca ta san shi tun tana amarya, ba ta taɓa ganin ya tofar da komai ba. Ta kuma san in ya kurɓa a nan, kafin la'asar ya zaga duk tukwanen garin. Ta tsaya, ƙoƙo a hannu. Shekarun da ɗanta ya yi yana duƙe a gonar wani suna cikin wannan ɗan kurɓi. Ta juya ta mayar da giyar cikin ganga.

"Tahi gida, kwaɗayayye. Giyar surukai ta, ba ta mabarata ba."

"Innar Ima, Ima hwa? In ta ɓaci hwa?"

"Ɗana na, ba naka ba. Hita mini gida."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya fita yana jan ƙafa. Har a lokacin da sauran dama, zanar Hansatu na nan kusa. Amma samari suka iso da amalanke suna ihu suna waƙa, aka hau ɗura giya a jarkoki da tuluna, Hansatu da kanta ta leƙo tana cewa Allah ya sa a sha lafiya, Rebecca ta amsa da amin. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma ita ma ta sani.

La'asar ta yi aka tashi daga girbi. Dammunan dawa jibge, samari sun yi sharkaf da gumi, aka zauna a inuwar bakin gona. Tamada na tsakiya a kan buzu, Yasira na can cikin mata ta rufe fuska, Emmanuel na tsugune gefe yana wasa da kara. Rebecca ta fito tsakiya, ta cika babban ƙoƙo, ta ɗaga kowa ya ga jan, ta kafa kai. Ruwa mai sanyi kawai ta ji yana wucewa. Ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu, ta yi murmushi irin na wadda ta san abin da ta dafa. Ta cika na biyu, ta durƙusa ta miƙa wa Tamada.

Tsohon ya kurɓa, ya tsaya. Muƙamuƙinsa ya ɗaure, idonsa ya kawo ruwa. Matar da ta shekara tana karatun fuska ba ta bukatar a gaya mata. Ya dubi ƙoƙonsa, ya dubi nata da ke ajiye ba ko ɗigo, ya ɗago ya dube ta.

"Surukata," ya ce a hankali, "ke kinka shanye wagga duka?"

"Na shanye, Baba."

"Kina murmushi."

Ba mai harshe a duniya da zai shanye wannan tsami fuskarsa a sake, balle Rebecca, wadda ta taɓa zubar da tukunya guda a ƙasa don ta ɗan zarce. Tamada ya gane, kuma ta ga ya gane. Ya juya ya kalli Emmanuel, wanda ke raba ido bai san abin da ake ciki ba. Sannan ya ja numfashi, ya kafa kai, ya yi ta haɗiya, wuyansa na miƙewa, hawaye na bin gemunsa, har ya ga ƙasan ƙoƙon. Ya kife shi a kan buzu.

Mata suka rangaɗa guɗa. Abokan Emmanuel suka ɗaga shi sama.

Abin da ya biyo baya shi ya fi mata ciwo. Tunda uban yarinya ya shanye, ba mai ajiyewa. Dattawa suka miƙo ƙoƙunansu, samari suka biyo, har masuntan da suka saba haurowa rumfarta. Ita ke zubawa. Kowa ya kurɓa sai fuskarsa ta murɗe, ya dube ta, ya yi sauri ya kau da kai, ya shanye. Ba wanda ya ce uffan. Da zaginta suka yi da ta san abin da za ta mayar. Ta yi ta zuba wa mutane tausayinta suna sha, har jarka ta ƙarshe, ta san kuma ranar kasuwa mai zuwa ba wanda zai bi hanyar gindin ɗorawa.

Ba ta jira amalanke ba, ta kamo hanya ita kaɗai da ƙoƙunanta a ka, tana sauri kamar kullum ko da yake ba abin da ke jiranta a kan wuta. A mararrabar shiga tunga ta tarar da Mainasara zaune a kan kututture, gorar kunu a gefensa ko rabi bai sha ba. Ya miƙe da ƙyar.

"Yaya?"

"An ba shi matar."

"Giyar nika tambaya."

Ta sauke ƙoƙunan, ta sake ɗauka.

"Ta yi tsami. Kowa ya sani yanzu."

Mainasara ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Da kin bar ni."

Ta dube shi, ta dubi idon nan da bai gama washewa ba, da rigar da ke lilo a jikinsa. Bakinta ya buɗe da niyyar zagi, zagin bai fito ba.

"Taho mu tahi, rana na hwaɗuwa," ta ce. "Ka sha maganinka?"